Masu Kwana a Daji, a Rufe Ƙirji

Talata, 17 ga Disamba, da hantsi

Garwa sha bakwai da asuba, talatin da huɗu da rana. Ngong sha shida. Marwa sha biyar. Kuseri sha huɗu. Tcholliré sha huɗu. Na karanta su duka yadda na saba, muryata ba ta yi rawa ba sai a kan na ƙarshen.

Shekaru ke nan ina karanta yanayin gari da Hausa a ɗan gidan rediyonmu na nan Garwa. 'Yan mintoci ne ake ba mu da sassafe, bayan labaran Fulatanci, kafin masu Faransanci su karɓe sauran yinin. Mireille ta ofishin meteyo, masu auna yanayi, ita ce ke turo min lambobin ta waya kafin sallar asuba, ni kuma in juya su yadda mai shanu da mai albasa za su gane. Aikin ke nan, ba wani abin a zo a gani ba.

Ban taɓa rubuta irin wannan ba. Amma a gidan nan an ce kowa ya kama bakinsa, ni kuwa da baki nake cin abinci. Gara in zuba a takarda kafin in fashe.

Jiya aka kawo kamiyon, babbar motar ɗaukar shanu. Wanda Baban Kausar ya yi haya ya tafi sayen shanu can bayan Tcholliré, shi da Maxime direba. A gefen hanya aka same shi, ƙofofi a buɗe, babu mijina babu Maxime. Jandarma sun rubuta abin da za su rubuta. Yaya Mahamat, wan mijina, ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Ba wanda zai gaya wa kowa komai. Duk wanda ya tambaya, ya yi tafiya." To, ya yi tafiya.

Rigar sanyin Baban Kausar tana rataye a bayan ƙofa. Da zai fita na miƙa masa, ya ce, "Ke dai kullum sanyi, sanyi, kin mai da gidan ma rediyo." Mutumin da ke da asma tun yana saurayi, wanda ko fanka aka kunna masa sai ya kwana yana tari. Ina jin haushinsa, wallahi ina jin haushinsa.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan azahar

Tcholliré sha huɗu. Babu labari.

Alhamis, 19 ga Disamba, bayan la'asar

An kira. Wayar Yaya Mahamat aka kira, ya fita zaure da ita ya ja ƙofa, kamar mu matan gidan ne za mu ɓata abin. Da ya dawo fuskarsa ta canza launi. Inna, mahaifiyarsu, tana kan tabarma da carbi, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Faɗi."

"Yana raye, Inna. Na ji muryarsa."

Na ce, "Yaya, yana tari?"

Ya dube ni kamar na tambayi farashin gishiri. Sai can ya ce, "Yana yi."

Waɗanda suka ɗauke shi sun faɗi abin da suke nema. Ba zan rubuta shi ba, hannuna ba zai iya ba. Yaya ya ce a ba shi lokaci, an ce an ba shi kaɗan.

Kausar ta dawo daga lekol, makarantarsu, ta tambaye ni yaushe Baba zai dawo. Na ce idan ya gama sayen shanu. Ta ce to wane irin shanu ne haka. Na tura ta wanke ƙafa.

Asabar, 21 ga Disamba, da yamma

Garwa sha shida. Tcholliré sha uku. Ya fara sauka.

Nadège ta zo, matar Maxime. Daga unguwar Yelwa ta taho a ƙafa da ƙaramin a goye. Ban san ta ba sai yau. Doguwa ce, idonta ya kumbura. Hausarta guntu-guntu ce, sai muka haɗa da Fulatanci da Faransanci, kowace ta ɗauko inda ta fi ƙarfi.

Ta ce, "Ma sœur, 'yar'uwa, ku an kira ku?"

Na ce an kira.

"Ni ba a kira ni ba. Patron aka kira, mai kamiyon, shi kuma ya daina ɗaukar wayata."

Yaya ya ce kar a gaya wa kowa komai. Na dubi matar nan na ga ba kowa ba ce. Na gaya mata abin da na sani, wanda bai cika cokali ba. Inna ta sa aka dama mata kunu, ta riƙe kofin har ya huce ba ta sha ba. Da za ta tafi ta ce Maxime yana kunna shirina a mota saboda fasinjojinsa Hausawa, shi ba ya jin komai sai sunayen garuruwa. Na yi dariya, ita ma ta yi.

Litinin, 23 ga Disamba, da hantsi

Yau wani abu ya faru, bari in rubuta shi daki-daki.

Bayan na gama karatu aka buɗe layi kamar kullum. Wata ta kira, ta ce sunanta Hajiya Zainabu, daga Domayo. Na ce, "Hajiya, Domayo ta Marwa?" Ta ce eh mana, akwai wata Domayon ne? Tana juya rediyonta sai ta ci karo da ni ina cewa Marwa sha huɗu, tangaran kamar a ɗakinta nake. Wai ɗanta yana karatu a Rasha, in taimaka in riƙa faɗin na can ma, don yaron in ta tambaye shi sai ya ce lafiya lau, ita kuwa ta san ƙarya yake.

Da muka fita daga iska na ce wa Igor, mai kula da na'urorinmu, "Wannan Hajiyar ta ruɗe. Mu da ko Ngong da ƙyar muke kaiwa?"

Ya cire abin kunnensa ya ce, "Ba ta ruɗe ba, Madam Sadiƙa. Lokacin sanyi haka yake. In gari ya yi sanyi da asuba kuma iska ta kwanta, sanyin yana zama a ƙasa, ɗumi a samansa, sai siginal ya bi tsakaninsu ya yi ta tafiya. Rana na ɗagawa ya yanke."

Na ce, "Har ina yake kaiwa?"

"Ya danganta da sanyin. In ya yi ƙarfi, nesa sosai."

"Kudu ma? Wajen Mayo-Rey, inda Tcholliré take?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tunda ya kai Marwa, me zai hana."

Na koma gida ban tsaya ko cire mayafi ba, na wuce inda aka ajiye kayan da aka kwaso daga kamiyon. Hularsa, butarsa, buhun igiyoyi, takalmi ƙafa ɗaya. Na zazzage komai. Ɗan rediyonsa baƙi, mai igiya, wanda ba ya rabuwa da aljihun gabansa ko masallaci za shi, babu shi a ciki. Ke nan yana jikinsa.

Talata, 24 ga Disamba, bayan shiri

Na ƙara wani abu a ƙarshen karatu. Direkta bai ce in ƙara ba, ban kuma tambaye shi ba. Na ce:

"Tcholliré da kewaye sha uku, gobe zai iya kaiwa sha biyu. Masu kwana a daji, makiyaya da direbobi da duk wanda tafiya ta riƙe, a rufe ƙirji. Wanda ke da asma kar ya kwanta a ƙasa tsirara, ya jingina da wani abu ya zauna, ya rufe baki da hanci da rawani ko ɗankwali. Kar ya zauna ta inda hayaƙin wuta ke bi. A ba shi ruwan zafi da asuba. In akwai mai irin wannan ciwon a tare da ku, don girman Allah a lura da shi, ba ya jure abin da kuke jurewa."

Ban ambaci suna ba. Ko babu dokar Yaya, ni ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, balle a rediyo. Amma ya san muryata in ina masa faɗa. Su ma waɗanda yake tare da su, ai suna da kunne.

Na faɗa wa Hajiya Zainabu nata. Garin ɗanta goma sha biyu ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta rufe titi. Ta kira tana salati, ta ce ai ta sani, yaron nan maƙaryaci ne tun yana goye.

Laraba, 25 ga Disamba, da rana

Na aika wa Nadège shinkafa da kaza. An ce ba ta je coci ba.

Juma'a, 27 ga Disamba, bayan magariba

An sake kira. Abin da suka nema ya ƙaru.

Yaya Mahamat bai ko yi sallama ba ya tsaya a ƙofar ɗakina. "Kin san me suka ce min? Suka ce kar in yi musu kukan talauci, ai matarsa ma jurnalist ce, a rediyo take aiki."

Allah Ya yafe min, farin ciki ne ya fara zuwa min kafin tsoro. Na ce, "Yaya, ke nan suna ji! Suna jin shirin!"

"Suna ji suna ƙara mana kaya a kai! Ke wace irin mace ce? Mijinki yana inda yake, ke kina can kina gaya wa duniya ƙanƙarar Rasha. Mahauta a abatuwa har tambayata suke, wai matar ƙanenka ba ta san abin da ake ciki ba ne?"

"Ai kai ka ce a ce ya yi tafiya."

Ya kau da zancen. Ya ce, "Daga gobe ba za ki sake taka gidan rediyon nan ba sai ya dawo. Ni ne babba a gidan nan."

Na sauke labule na koma ciki. Ba don na yarda ba. Don ban san ko shi ne mai gaskiya ba. Mutumin nan ya rame, tun ranar da aka kawo kamiyon bai yi barcin kirki ba, yana yawo daga wannan dillali zuwa wancan yana sauke kai ga waɗanda a da su ke gaishe shi. Ba mugu ba ne. In muryata ce ta ƙara wa mijina kwana a wurin nan, ina zan sa kaina?

Asabar, 28 ga Disamba, da safe

Ban je ba. Na ce wa Direkta ba ni da lafiya. Igor ya sa kiɗa a wurina. Mireille ta turo lambobin duk da haka. Sha biyu.

Lahadi, 29 ga Disamba, da la'asar

Babu shiri yau dama. Na wanke abin da ba ya bukatar wanki.

Litinin, 30 ga Disamba, da hantsi

Ban je ba. Direkta ne ya karanta, da Faransanci, ya lissafa garuruwa uku ya wuce. Bai ko faɗi Tcholliré ba.

Ina zaune a bakin murhu Inna ta fito da sandarta, ta zauna kusa da ni tana miƙa tafin hannu ga wuta. Tsohuwar nan ba ta cika magana da ni ba. Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa yarda da aikina ba, ta sha cewa matar gidan mahauta muryarta iyakarta katanga.

Ta ce, "'Yar nan, wannan da ya yi magana yau, me ya ce?"

Na ce ya ce za a yi sanyi.

"Ba wanda ya ce a rufe ƙirji?"

"Babu, Inna."

Ta gyara wani itace da sandarta. Sai ta ce, "Tun yana shekara bakwai nake tashi tsakar dare in zaunar da shi a jikina har numfashin ya dawo. In ya kwanta, sai ya shiɗe. Shi kuma taurin kai, in ba a ce masa tashi ba, ba ya tashi." Ta juya hannunta. "Abin da suka ƙara, da ke da ba ke sai sun ƙara. Irinsu ba sa rasa dalili. Gobe ki tafi aikinki."

Na ce, "Yaya fa?"

"Mahamat ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba."

Talata, 31 ga Disamba, bayan shiri

Na je. Mai moton, ɗan acaɓan da ke kai ni, yana rawar sanyi har haƙoransa na haɗuwa, ya naɗe kai da tawul sai ido. A kan hanya masu shayi duk sun hura wuta, mutane sun kewaye ta a tsugune. Garwa da aka sani da zafi, yau kowa ya zama tsoho.

Garwa sha biyar. Ngong sha huɗu. Marwa sha uku. Kuseri da Njamena sha biyu. Yola sha biyar. Ngawundare tara. Tcholliré sha biyu. Na faɗi nawa na ƙarshe, na maimaita shi sau biyu. Na ƙara da cewa wanda aka ce wa ya tashi zaune ya tashi, ba a yi wa ciwo taurin kai.

Yaya ya gan ni ina shigowa gida. Ya kau da kai, ni ma na kau da nawa.

Alhamis, 2 ga Janairu, da hantsi

Mireille ta kira ni da kanta, ba saƙo ba. Ta ce wata iska mai sanyi ta taso tun daga can saman Sahara, ta bi ta Libiya da arewacin Cadi, a Faya har an wayi gari da shida. Tana gangarowa. Ta ce mako mai zuwa zai fi kowanne a bana, wuraren tuddai da bakin rafi na Mayo-Rey za su iya ganin goma.

Na gaya wa Igor. Ya ce, "In haka ne, siginal zai kai har iyakar ƙasa."

Ga inda na tsaya yanzu. In sanyi ya yi ƙarfi, zai ji ni, amma ƙirjinsa zai toshe. In sanyi ya sassauta, zai yi numfashi, amma ba zai ji kowa nasa ba. Na yi sujada da asuba na rasa wanne zan roƙa. Daga ƙarshe na ce, Ya Allah, Kai Ka san lissafin, ni karantawa kawai nake.

Asabar, 4 ga Janairu, da yamma

An fitar da shanun garken bayan gida zuwa kasuwa, har da jar saniyar da Kausar ta sa wa suna. Wurin ya zama fili. Ban bar ta ta leƙa ba.

Litinin, 6 ga Janairu, da safe

Sha ɗaya. Ba a kira ba.

Talata, 7 ga Janairu, bayan azahar

Goma. Ba a kira ba.

Na yi wa Mireille tsawa a waya, baiwar Allah, kamar ita ta kawo sanyin. Na ce ta sake dubawa, na'urarsu ta tsufa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Sadiƙa, je sais, na sani. Duk mun sani. Ni ma kullum na wajen da yake nake fara dubawa." Ashe sirrin da muke ta rufewa, har masu sayar da ƙosai a bakin gidan rediyo sun san shi. Shi ya sa suka daina karɓar kuɗina.

A iska yau na kusa karyewa. Na kai "masu kwana a daji" sai na tsaya cak. Igor ya ɗaga yatsa zai sa kiɗa, na girgiza masa kai. Na sha ruwa, na faɗa har ƙarshe. Ba zan yi kuka a inda zai ji ba.

Laraba, 8 ga Janairu, da la'asar

An kira. Wani dillalin shanu na Ngong, wanda suka yarda da shi, shi zai kai abin. Na haɗa rigar sanyi da maganin shaƙa na kai wa Yaya. Ya ce an ce kar a zo da komai bayan abin da aka nema. Ya karɓi maganin dai ya sa a aljihu, ya ce zai roƙi mutumin.

Na ce, "Maxime fa?"

Ya ce, "Wannan na patron ɗinsa ne, Sadiƙa. Namu ma da ƙyar."

Alhamis, 9 ga Janairu, da safe

Goma. Na karanta. Na faɗa.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan sallar Juma'a

Ya dawo.

Ya dawo, ya dawo. A Ngong aka sauke shi, Yaya ya wuce da shi asibiti kai tsaye. Shi kaɗai.

Ban gane shi ba da farko. Gemu ya cika fuska, ƙafafu duk sun tsage, an sa masa abin numfashi a hanci. Ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Inna ta zauna a bakin gadon ta tallafe bayansa da hannu ɗaya. Ni na tsaya a ƙafar gadon, ga dangi cike da ɗaki, ba halin in taɓa shi. Ya buɗe ido ya gan ni. Ya ɗaga yatsu biyu daga kan zanin, ya mayar.

Likita ya ce da ya ƙara kwana biyu, da wani zancen ake.

Asabar, 11 ga Janairu, da yamma

Sai yau aka bar mu mu biyu. An cire masa abin hanci, yana magana kaɗan-kaɗan. Na ba shi kunu a cokali, ya sha uku ya ture.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Ka ji ni?"

Ya ce, "A ina?"

"A rediyo. Kullum da asuba. Igor ya ce sanyi yana kai muryar har can. Na yi ta ce maka ka tashi zaune."

Ya gyara zama a jikin filo. Sai ya ce, "Sadiƙa, rediyon tun a bakin hanya suka taka shi da ƙafa. Ba sa yarda da komai mai eriya. Can babu rediyo, ko nasu."

Na ce to yaya aka yi suka san aikina.

"Sun san komai tun kafin su tare mu. Sun san sunan Inna. Wani ne a kasuwa yake kai musu labari."

Na ajiye kofin a hankali don kar ya zube. Duk faɗan da na yi da Yaya, duk asubar da na hau moto ina rawar ɗari, duk "a rufe ƙirji", ashe da bishiyoyi nake magana. Ban ƙara masa kwana ba, ban kuma rage masa tari ko ɗaya ba. Dariya ta zo min, ta juye ta zama wani abu, na fita baranda na yi abin da na hana kaina yi tun Disamba.

Da na dawo na ce, "To wa ya tashe ka zaune?"

Ya nuna kujera da haɓa. Wata jaket ce a rataye, ta fata, shuɗiya, ta yi dauɗa, hannunta ɗaya a yage. Da ita aka kawo shi, ni na zaci ta dillalin Ngong ce.

"Ta Maxime ce. Dare na biyu ya cire ya sa min. Shi yake jingina bayansa da nawa har gari ya waye don kar in kwanta. Da za a tafi da ni na cire zan ba shi, suka ce in wuce." Ya yi tari mai tsawo. "Singileti ce kawai a jikinsa, Sadiƙa."

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan la'asar

Yaya Mahamat ya zo da lemo, fuskarsa ta saki karo na farko. Har ya ce min sannu da ƙoƙari. Ya ce alhamdulillahi an gama, a yanka rago ranar Juma'a.

Baban Kausar ya ce, "Ba a gama ba, Yaya." Ya ce filinsa na hanyar Pitowa a nemi mai saye, a fanso Maxime. Yaya ya buɗe baki, Inna ta ce, "Ka ji abin da ya ce." Ya rufe.

Ana cikin haka Nadège ta yi sallama. Ta shigo da ɗanta a goye da kwanon abinci a hannu. Ta gaida Inna, ta gaida Yaya, ta juyo za ta gaida mai jinya sai idonta ya sauka a kan kujera. Ba wanda ya tuna ya ɗauke jaket ɗin.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwanon, ta je ta ɗauke ta, ta juya ta ciki da waje, ta sa yatsa a inda ya yage. Ta san abin da ake nufi, ita ma tana jin lambobin nan kullum.

Baban Kausar ya gaya mata yana raye, da ƙafarsa ya bar shi, yana da ƙarfi. Ya gaya mata zancen filin. Ta gyaɗa kai kawai. Sai ta ce, da Hausarta guntu-guntu, "Alhaji, can, kuna ji Madam? A rediyo?"

Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Baban Kausar ya riga ni.

"Kullum, Madam Nadège. Kullum da asuba. Maxime ne ma yake riƙe rediyon."

Bai dube ni ba. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko a cinikin saniya, shi ya sa ba mu yi arziki ba.

Nadège ta rungume jaket ɗin ta juyo gare ni. "Ma sœur, shi ba ya ji Hausa. Garuruwa kawai. Gobe ki faɗa masa da Faransanci. Ki ce ya nemi buhu, ko ganye, ko mene ne, ya rufe jiki. Ki ce yara lafiya."

Na ce to.

Litinin, 13 ga Janairu, bayan shiri

Garwa sha biyar. Ngong sha huɗu. Marwa sha uku. Kuseri sha biyu. Tcholliré sha ɗaya, Mireille ta ce zai kai ƙarshen mako a haka.

Na san inda muryata ke tsayawa yanzu. Na kuma san akwai wani ɗaki a Yelwa da aka kunna rediyo tun kafin a kira sallah.

Na gama na Hausa, lokacina ya cika, Igor ya ɗaga hannu zai yanke. Na dube shi. Ya sauke hannun.

Na faɗa da Faransanci, a hankali, yadda direba zai gane. Buhu, ganye, ko mene ne. A matsa kusa da wuta. Na ce yara lafiya, kuma ana nan ana ƙoƙari, ba a manta da kowa ba.

Direkta yana jirana a baranda da na fito. Ya ce tun yaushe shirin Hausa ya koma na Faransanci, kuma har yaushe za a yi haka. Na ce sai direban ya dawo gida.